Ruwa Abokin Aiki: Kayan Ginin da Ba a Aunawa

A kowane wurin gini da na taɓa yin aiki akwai littafin da ake rubuta buhunan siminti, kuma akwai mutumin da zai iya faɗa maka adadin rodin da ya shigo da wanda ya rage ba tare da ya duba takarda ba. Ana ƙirga bulo, ana lissafa tifar yashi da ta tsakuwa, har ƙusa ma akan san nauyinta kafin ta bar sito. Ruwa ne kaɗai na daɗe ban ga an buɗe masa shafi ba, alhali kuwa babu kwaɓin da zai yiwu sai da shi, kuma tun daga haƙa harsashi har zuwa wanke tayil a ranar miƙa makulli babu ranar da ba a taɓa shi. Ana yi masa kirari da abokin aiki, amma a wurin gini shi ne abokin da ba a tambayar inda ya tafi.

Ranar da na fara ɗaukar wannan magana da muhimmanci, laifin nawa ne. Mun zuba kankaren dekin wani gini da yamma, na ce wa ma'aikata a ba shi ruwa sosai kada ya bushe, na kama hanyar gida. Da na dawo washegari da sassafe, sai na tarar da tiyo yashe a wani lungu na dekin, ruwan ya bi gefen katako ya gangara ƙasa, ya mayar da hanyar baro taɓo, ya kuma taru a ramin harsashin da muka haƙa a gefe har bangon ramin ya fara zaizayewa. Babban tankinmu ya ƙafe ƙaf. Abin da ya fi damuna shi ne da na taka zuwa ɗaya ɓangaren dekin, inda ruwan bai kai ba, na ga fuskarsa ta yi fari, ga ƙananan tsagu sirara kamar gashi sun fara bayyana. Na kira dattijon birkilan da ke shugabantar ma'aikata na tambaye shi yadda aka yi haka, ya dube ni cikin natsuwa ya ce, "Injiniya, ai kai ka ce kada ya bushe, ba ka kuwa faɗi wanda zai rufe famfo ba." Na ce masa, "Gaskiyarka, Baba." Mun yi asarar ruwan yini guda, kuma kankaren da aka yi asarar dominsa bai samu abin da yake bukata ba.

Daga baya na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun da farko. Dekin da faɗinsa ya kai murabba'in mita 100, kaurinsa santimita 15, yana cin kankare kubik mita 15, wato cikin akwati 15 masu mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi. Kowace kubik mita ta kankare takan ɗauki ruwan kwaɓi tsakanin lita 150 zuwa 200, saboda haka idan aka ɗauki lita 180, dukan dekin zai ci lita 2,700. Tiyon da ke fitar da lita 15 a minti ɗaya kuwa yana zubar da lita 900 a sa'a guda, wato cikin sa'o'i 3 kacal ya zubar da daidai ruwan da ya kwaɓa dekin gaba ɗaya. Tun daga wannan lissafi na fahimci cewa mafi yawan ruwan da ake kawowa wurin gini ba cikin ginin yake shiga ba. Yana tafiya ne ta bakin tiyon da aka bari a buɗe, da mahaɗar bututun da ke yoyo, da tankin da ya cika yana ambaliya domin ba a sa masa abin da zai tsayar da ruwa idan ya kai baki ba, da kuma wanke-wanken kayan aiki da ake yi ba tare da awo ba.

Sai dai inda na fi so a tsaya a yi nazari shi ne ruwan kwaɓi, domin a nan ne ɓarnar ruwa take zama ɓarnar gini kai tsaye. Tun a shekarar 1918 wani injiniya ɗan Amurka mai suna Duff Abrams ya nuna, bayan gwaje-gwaje masu yawa, cewa ƙarfin kankare ya dogara ne ga yawan ruwan da aka zuba idan aka kwatanta da nauyin siminti: duk lokacin da ruwa ya ƙaru, ƙarfi yana raguwa. Fiye da shekara 100 ke nan, kuma har yau wannan ƙa'ida ce ake koyarwa a farkon darasin kankare. A aikin yau da kullum nauyin ruwa yakan kasance tsakanin 0.4 zuwa 0.6 na nauyin siminti. Idan aka ɗauki 0.5, buhun siminti mai kilo 50 yana bukatar lita 25 ke nan. Abin da simintin kansa yake haɗewa da shi ya zama dutse bai wuce kusan kwata na nauyinsa ba, sauran ruwan kuwa ana zuba shi ne domin kwaɓin ya yi laushin da za a iya sarrafa shi. Ruwan da ya wuce kima ba ya ɓacewa haka nan. Yana mamaye gurbi a cikin kankaren, idan ya ƙafe sai ya bar ƙananan ramuka da hanyoyin da ido ba ya gani, kuma ta cikinsu ne daga baya laima da iska za su shiga su kai ga rodi. Rodi idan ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya tsaga kankaren da ke lulluɓe da shi daga ciki.

Na sha tsayawa kusa da injin kwaɓa siminti ina kallon yadda abin yake faruwa. Rana ta take, kwaɓi ya fara tauri, masu ɗaukar kwanon sarki sun gaji, wanda ke saman katako yana kira cewa kankare ba ya shiga tsakanin rodi, sai mai injin ya ɗauki tiyo ya ɗana a bakin ganga yana duban launin kwaɓin har sai ya ga ya yi masa. Ba na ganin laifin lebura a wannan wuri, domin kwaɓi mai ruwa ya fi sauƙin ɗiba da shebur, ya fi sauƙin zubawa, kuma mutumin da zai hau tsani da kaya a ka sau da yawa a yini yana da dalilin neman sauƙi. Nauyin yana wuyan mai kula da aiki, wanda ya kamata ya samar da hanyar da kwaɓi zai yi laushi ba tare da an ƙara ruwa ba. Akwai sinadaran da ake ɗigawa a kwaɓi domin haka, waɗanda aka fara amfani da masu ƙarfinsu a Jafan da Jamus a shekarun 1960, kuma suna iya rage ruwan kwaɓi da kashi 20 zuwa 30 cikin 100 alhali kankaren yana gudana yadda ake so. Inda babu su, injin girgiza kankare yana sa kwaɓi mai ɗan tauri ya zauna tsakanin rodi ba tare da ya bar gurbi ba.

Abu mafi sauƙi da na ga ya yi aiki shi ne bokiti. A janye tiyo daga bakin injin kwaɓi, a ajiye ganga cike da ruwa, a ɗauki bokitin da aka san litarsa a ja masa layi da fenti, a gaya wa mai injin adadin bokitin da kowane buhu zai ci. Sai kuma a tuna cewa yashi yana zuwa da nasa ruwan. Yashin da ruwan sama ya daka ko wanda aka ɗebo daga rafi yana ɗauke da laimar da dole a cire ta daga lissafi, shi ya sa awon safiyar da aka kwana ana ruwa ba zai zama ɗaya da na busasshen yini ba. Gwajin da ke warware gardama a nan ba shi da wahala: ana cika wani mazubin ƙarfe mai tsayin santimita 30, mai faɗin gindi da tsukakken baki, da ɗanyen kankare, a soke shi da sandar ƙarfe, a ɗaga mazubin a auna yadda tsibin ya sauka. Idan ya baje kamar kunu ba tare da an sa masa sinadari ba, ruwa ya yi yawa, kuma kowa da ke wurin ya gani da idonsa.

Bayan an zuba kankare sai lamarin ya juya. Mutane da yawa suna ɗauka bushewa ce ke sa kankare ƙarfi, alhali siminti yana ci gaba da haɗuwa da ruwa ne na tsawon makonni, kuma idan laima ta ƙare da wuri haɗuwar takan tsaya. Shi ya sa ake auna cikakken ƙarfin kankare a kwana na 28, kuma a kwana na 7 yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na wannan ƙarfi. Ƙa'idar da aka saba da ita ga siminti na yau da kullum ita ce a riƙe shi da laima aƙalla kwana 7. Manufar ban-ruwa ita ce a hana ruwan da ke cikin kankaren tserewa, amma yadda aka fi yin sa shi ne a sa yaro ya riƙe tiyo ya feshe dekin sau uku a rana. Idan kowane zagaye ya ɗauki rabin sa'a da tiyon nan mai lita 15 a minti, a kwana 7 an zubar da lita 9,450, wato ninki uku da rabi na ruwan da ya kwaɓa dekin. Mafi yawansa gangarewa yake yi, wanda ya saura kuma rana da iska su ɗauke shi cikin ɗan lokaci, fuskar kankaren ta riƙa jiƙewa tana bushewa, abin da shi kansa yake jawo tsagewa.

Hanyoyin da suka fi wannan suna nan, kuma dukansu sun fi shi ƙarancin cin ruwa. A kan deki ana iya yin ɗan kewaye da kwaɓi mara ƙarfi a gefe-gefe a tsayar da ruwa mai zurfin 'yan santimita, a riƙa ƙara abin da ya ƙafe kawai. Ana iya jiƙa fuskar sau ɗaya a shimfiɗa leda a danne gefunanta da bulo ko katako yadda iska ba za ta shiga ba. Wanda ya ɗaga irin wannan leda bayan kwana biyu zai ga raɓa ta taru a ƙarƙashinta, kankaren kuma yana nan da duhun launinsa. Ginshiƙai ana naɗe su da jiƙaƙƙen buhun algarara, a rufa leda a kai, ko kuma a jinkirta cire katakon da aka zuba su a ciki, domin shi ma yana tsare laima. A manyan filaye kamar titi da daɓen masana'anta akwai sinadarin da ake fesawa ya yi wa kankaren wata siririyar fata, sai dai wannan yana bukatar lura, domin wasu nau'o'insa suna hana filasta ko tayil kamawa daga baya. Ni dai a dekin gida na fi yarda da leda, saboda ba ta dogara ga tunawar kowa da tsakar rana.

Akwai kuma tambayar da ban cika jin ana yi ba: shin wane irin ruwa kowane aiki yake bukata? An saba cewa ruwan da ya dace a sha ya dace a kwaɓa kankare da shi, kuma wannan gaskiya ne, amma ba ya nufin cewa sai ruwan sha ne kaɗai zai yi. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 1008 da ta Amurka mai lamba ASTM C1602 duka sun yarda a yi amfani da ruwan da ba na sha ba, har da wanda aka tara daga wankin injin kankare, muddin an gwada shi aka ga ƙarfin da ya bayar a kwana 7 bai gaza kashi 90 cikin 100 na wanda aka kwaɓa da tsaftataccen ruwa ba, kuma bai sauya lokacin daskarewa fiye da kima ba. A nan ba a yin kasada. Ruwan gishiri ba ya shiga kankare mai rodi domin yana gaggauta tsatsa, ruwa mai mai ko mai laka yana raunana kamu, sukari ko kaɗan ne yana iya hana siminti daskarewa a kan lokaci. Amma kwantar da ƙura, da jiƙa ƙasa kafin a daddanne ta, da wanke tayoyin manyan motoci, da kora ban-ɗakin ma'aikata, babu ɗayansu da ke bukatar ruwan da aka kashe ƙarfi da magani aka tace domin mutane su sha.

Ruwan wankin injin kwaɓi da baro da shebur yana da nasa haɗarin. Kaifinsa a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da kaifin ruwa, yakan kai 12, wanda ya isa ya ƙona fata, ya kashe tsirrai da kifi, kuma ɓurɓushin simintin da ke cikinsa yana daskarewa a cikin magudana ya toshe ta. Maimakon a sake shi ya bi kwata, ana haƙa rami a shimfiɗa masa leda mai kauri, a raba shi gida biyu ko uku. Ruwan ya fara kwantawa a gidan farko, laka ta zauna, na sama ya tsallaka gida na gaba, daga nan a ɗebe shi a sake wanke kaya da shi gobe. Idan aka kankare busasshen kwaɓi daga jikin kayan aiki kafin a kawo ruwa, aka kuma sa wa kowane tiyo kai mai rufe kansa da zarar an saki hannu, ruwan wanki yana raguwa ƙwarai.

Ruwan sama lissafinsa a bayyane yake: milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufin sito da ofishin wucin gadi da suka kai murabba'in mita 200 za su tara har lita 4,000 daga ruwan milimita 20, idan an sa musu indararo da tanki. Haka nan ruwan da ake zuƙewa daga ramin harsashi mai zurfi, wanda sau da yawa ake turawa titi, idan aka bar shi ya kwanta yana isa kwantar da ƙura.

Wani zai ce duk wannan ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da noma, wanda shi ne ke cin kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ɗan Adam ke ɗiba a duniya. Haka ne, amma gini ma ba ƙarami ba ne. Ana samar da siminti kimanin tan biliyan 4 a kowace shekara, kuma wani bincike da aka buga a mujallar Nature Sustainability a 2018 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2012 samar da kankare ya ci kashi 9 cikin 100 na ruwan da masana'antun duniya suka ɗiba, ya kuma yi hasashen cewa nan da 2050 kashi 75 cikin 100 na ruwan da kankare zai bukata zai faɗo ne a yankunan da ake sa ran za su fuskanci ƙarancin ruwa. Bugu da ƙari, gini a cikin gari ake yin sa, kusa da gidajen mutane, kuma daga bututu ɗaya ko ƙarƙashin ƙasa ɗaya ake sha. A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, lokacin farin da ya kai aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana daga watan Fabrairun 2018, an karkatar da masu gini zuwa ga ruwan kwatar da aka tace. A Bengaluru ta Indiya, a watan Maris na 2024, hukumar ruwa ta haramta amfani da ruwan sha wajen gini da wankin mota, ta sa tarar rupi 5,000. Waɗanda suka riga suka iya aiki da ruwa kaɗan, suka kuma san inda za su sami wanda ba na sha ba, su ne suka fi samun sauƙin ci gaba da aiki a irin wannan hali.

Wannan ne ma ya sa ba na yarda da maganar da nake yawan ji, cewa tunda an haƙa rijiyar burtsatse a wurin aiki ruwa kyauta ne. Injin da ke jawo shi yana cin mai ko lantarki, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya bin iyakar fili. Idan babban aiki ya yi watanni yana zuƙa dare da rana, rijiyoyin maƙwabta marasa zurfi ne suke fara ja da baya, su kuwa ba a shawarce su ba, ba kuma a cikin ginin za su zauna ba. Ina ganin wannan haƙƙi ne da ya hau kan mai gini da ɗan kwangila tare.

Yanzu duk aikin da aka damƙa mini, a makon farko nake sa a ɗaura mita a inda ruwa ke shigowa, ko daga famfo ne ko daga burtsatse, idan kuma da tanka ake kawowa a rubuta kowane zuwa da litarsa a cikin littafin da ake rubuta siminti. Ana karanta mitar da yamma bayan an tashi, a sake karantawa da safe kafin a fara aiki. Idan lambar ta motsa cikin dare alhali babu wanda ya yi aiki, akwai yoyo a wani wuri, kuma ranar za a nemo shi. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da kusan lita 30 a yini, balle mahaɗar da ta fashe a ƙarƙashin ƙasa inda motoci ke takawa. Mutum ɗaya ake ba wa alhakin rufe babban famfo, a rubuta sunansa a allo, domin darasin da dattijon nan ya koya mini ke nan. Na kuma lura cewa idan aka karanta wa ma'aikata adadin ruwan mako a taron safe, su da kansu suke fara nuna inda yake zurarewa, domin sun fi kowa sanin lungunan wurin. Inda da hali, ina ba masu gini shawara su sa batun auna ruwa da ramin wanki cikin yarjejeniyar kwangila tun farko, saboda abin da ba a rubuta ba shi ake fara yadawa idan lokaci ya ƙure.

Ruwa ɗaya ne ba na bari a sa shi cikin lissafin ragewa, shi ne na shan ma'aikata da wanke jikinsu. Mai aikin ƙarfi a cikin zafi yana iya bukatar kusan lita ɗaya a kowace sa'a, kuma ɗanyen siminti yana cin fata idan ya daɗe a hannu ko ya shiga cikin takalmi, idan ya fantsama a ido kuwa dole a wanke nan take da ruwa mai tsafta mai yawa. Na taɓa ganin wurin da aka matsa wa ma'aikata da maganar tattali har suka koma sha daga gangar kwaɓi, wadda ake tsoma bokiti mai siminti a ciki. Saboda haka tankin sha daban nake ajiye shi, a inuwa, da murfi da famfonsa, a rubuta a jikinsa cewa na sha ne, a kuma rubuta a jikin sauran cewa ba na sha ba ne, da alamar da wanda bai iya karatu ba zai gane. Ana wanke shi duk mako, kuma shi ake fara cikawa kowace safiya kafin a kunna injin kwaɓi.